Kaunta ko carbi: wanne ya fi taimakon mai yaƙi da son zuciya?

Duk wanda ya ratsa wajen masu turare da huluna a Kasuwar Wunti, ko ya tsaya gun masu baza kaya a ƙofar babban masallacin Juma'a na Bauchi bayan an sallame, ya san ɗan abin nan na roba da ake ɗaurawa a yatsa. 'Yan kasuwa na ce masa kaunta, wasu su ce carbin zamani. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai mai ƙyalƙyalin duwatsu da ake yi domin mata. Ya ma shiga sahun dabino da zamzam a tsarabar alhazai, don ba ya cika jaka, kuma kwali ɗaya ya ishi unguwa guda.

Ta fuska biyu ya kamata a auna shi: ingancinsa a matsayin haja, da amfaninsa ga wanda ya riƙi zikiri a matsayin maganin zuciya. Ta biyun ta fi nauyi. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umurni da mugun aiki a Suratu Yusuf aya ta 53, ya ambaci rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama aya ta 2, sannan rai mai natsuwa a Suratul Fajri aya ta 27. Tafiyar nan daga na farko zuwa na ƙarshe ita malamai ke kira tazkiyya ko tarbiyya. Kayan ƙirga ko ya taimaka wa tafiyar, ko ya zame mata kaya a ka.

Idan aka kwance kaunta, ba wani abu mai yawa a cikinta. Ɗan allo ne mai gurbin lamba biyar, wato daga sifili zuwa 99999, da babban maɓalli na ƙirga, da ƙarami na sharewa. Wasu suna da na uku mai kunna 'yar fitila saboda dare. A ƙarƙashi akwai ɗan faifan lantarki da batirin agogo, sai murfin baya da ƙananan sukurori suka riƙe, sai madaurin roba mai huda-huda. Shi ke nan. Ba ta da nauyi, ba ta ƙara, kuma hannu ɗaya ya ishe ta. Ɗan acaɓa da ke jiran fasinja a Yelwa, ko mai shago da ke auna wa mutane shinkafa a Muda Lawal, zai iya ajiye zikirinsa a tsakiya ya dawo ya tarar da lissafinsa inda ya bar shi. Wannan alheri ne na gaske, kuma carbin icce ba ya yin sa cikin sauƙi.

Aibinta na farko yana wurin maɓallin sharewa. A masu araha, yana maƙale da babban maɓalli kuma ya ɗago sama, taɓawa ɗaya ta isa. Mutum ya kai 870 a salati dubu, ya cusa hannu aljihun kaftani zai ciro kuɗin keke, ya fito da hannu sai ya ga sifili ɓaro-ɓaro. A nemi wadda maɓallinta na sharewa ya nutse ciki, ko wadda sai an danne shi na ɗan lokaci kafin ta goge. Amma kafin a wuce, wannan haɗarin gwaji ne na kyauta. Wanda lambarsa ta goge ya ji ransa ya ɓaci, har ya yi tsaki ya ce wahalar banza, to ya tsaya ya tambayi kansa wa yake yi wa salatin. Mala'ikun da ke rubutu ba su da maɓallin sharewa.

Na biyu shi ne ƙirgar da ba ta cika ba ko ta yi yawa. Ƙarƙashin babban maɓallin akwai 'yar ƙumba ta roba ko ta siririn ƙarfe da ke taɓa faifan. Idan ta gaji, ko ƙurar hunturu ta kwanta a tsakani, sai latsawa ɗaya ta ba da biyu, ko ka latsa ta ƙi motsi. Don haka kar a saya a cikin leda a rufe. Ka ce wa mai kaya, “Malam, buɗe min in gwada,” in ya ƙi ka matsa gaba, masu sayarwa ba su ƙare ba. Latsa 33 a hankali kana ƙirgawa da baki, sannan 33 da sauri. Dole allo ya nuna 66. Latsa ta gefen maɓallin, ba tsakiya kaɗai ba, domin babban yatsa ba ya sauka wuri guda. Akwai kuma irin da allonsu ke mutuwa in an bar su, don tattalin batir. Bar ta ta yi barci, sannan ka latsa sau ɗaya ka gani: ta farka ne kawai, ko ta farka ta ƙara ɗaya? Duka biyun ba laifi ba ne, amma mai wuridin da ke da adadi ƙayyadadde gara ya san halin tasa.

Ruwa ne babban ajalinta. Ba a yi irin waɗannan don su sha ruwa ba, kuma mu mutane ne masu alwala sau biyar a yini. Ruwan yana bi ta gefen maɓalli ya kwanta a faifan, sai lambobi su fara gutsurewa, takwas ta koma kamar uku. A cire ta kafin a ɗauki buta. Ko ta fuskar alwalar kanta hakan ya fi, tunda madauri mai matsewa yana tare ruwa daga fatar yatsa. In ta riga ta jiƙe, a zare batir nan take, a buɗe murfin, a bar ta a inuwa mai iska kwana ɗaya ko biyu. Kar a shanya ta a rana, kar a kai ta bakin murhu. Zafi yana baƙanta irin wannan allon, shi ya sa wadda aka manta a gaban gilashin mota a zafin Maris da Afrilu takan koma baƙa wuluk.

Batir kuwa yawanci ɗayan biyu ne: AG10, wanda ake rubuta wa LR1130, ko AG13, wato LR44. Faɗinsu ɗaya, amma na biyun ya fi kauri sosai, don haka wanda ya tura kauri a gurbin siriri zai lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe shi, wanda ya sa siriri a gurbin kauri kuma zai ga allo na ɗaukewa yana dawowa. A kai tsohon wurin mai gyaran agogo ya ba da irinsa. A yawancinsu zare batir yana goge lissafi, sai a rubuta lambar tukuna in ana bukatarta. Idan an ga farin gari a gurbin, batir ne ya yi yoyo. A kankare shi da tsinke a goge da busasshen ƙyalle. Abu guda da bai kamata a yi wasa da shi ba: yara ƙanana suna son wannan abin, kuma suna kai komai baki. Batirin agogo in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, asibiti ake nufa kai tsaye ba jira. Kauntar da murfinta ke ɓallewa da farce, ba sukuru, ba ta dace da gidan da ke da mai rarrafe ba.

Madaurin shi ke fara tsinkewa, daidai hudar da aka fi sawa. Ɗan robar kuɗi ko siririn roba na ɗinki yana maye gurbinsa. Araha ba ta ado, ba kuma a sa ran kaunta ta yi shekarun carbi.

Duk waɗannan gyararru ne. Matsalar da mai agogo ba zai iya gyarawa ba ita ce babban yatsa ya fi harshe sauri, harshe kuma ya fi zuciya sauri. Ga lissafi mai sauƙi: “Astagfirullah” in an faɗe ta da haruffanta cikakku, da ɗan numfashi a tsakani, tana cin daƙiƙa biyu zuwa uku. Ɗari kenan za ta ci wajen minti uku da 'yan kai zuwa biyar. Wanda ya ga 100 a allonsa cikin minti ɗaya ya san abin da ya faru: ko ya haɗiye rabin kalmar, ko yatsa ya yi gaba ya bar baki a baya. A majalisar bakin titi bayan la'asar za ka ga misalin ƙuru-ƙuru. Bawan Allah na zaune kan benci, ana tattauna auren wane da bashin wane, yana sa baki yana dariya, babban yatsansa kuwa bai tsaya ba, tik, tik, tik. In ya tashi allo zai nuna masa dubu uku. Dubu uku na me? Na'urar ba ta san bambancin istigfari da gulma ba, abin da ta sani latsawa. Maganin wannan ƙa'ida ɗaya ce, a riƙe ta da ƙarfi: ba a latsawa sai kalma ta ƙare a baki. In aka yi maka magana, ɗage yatsa daga maɓallin gaba ɗaya, ka amsa, sannan ka dawo.

Sai ita lambar kanta. Carbi in ka zagaye shi ya dawo da kai farko, bai bar maka wata shaida da za ka kalla ba. Kaunta kuwa tana tara maka, tana nuna maka. Akwai masu ƙin sharewa don su ga ranar da za ta cika 99999. Daga nan jiji da kai yake shigowa, wanda malamai ke kira ujubu: mutum ya dubi aikinsa ya ga ya yi yawa, ya manta Wanda ya ba shi ikon yi. Ƙanensa riya yana biye, domin abin a yatsa yake, kowa na gani, wani ma har ya juya allon waje in zai miƙa hannu a gaisa. Na ukunsu sum'a, son a ji: hoton allo a sitatus na WhatsApp, ko rukunin da ake tara salati kowa na turo adadinsa da sunansa. Ba a ce haɗuwa kan alheri laifi ne ba, yana zaburar da malalaci. Amma wanda ya lura yana ƙara gudu ne saboda Hajiya wance ta turo dubu goma, ya tura nasa ga mai tarawa a keɓe, ko ya daina turawa. Gyaran nan ma mai sauƙi ne: a juya allon ya kalli tafin hannu, a share lambar kowane dare bayan an cika abin da aka ɗaukar wa kai, kuma kar a faɗa wa kowa adadin sai malamin da ke tarbiyyar mutum in ya tambaya.

Game da hukunci, sanannen abu ne a garin nan cewa malamai sun saɓa kan carbi. Wasu sun halatta shi a matsayin abin taimako, wasu na ganin barinsa ya fi, wasu sun tsananta. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ƙirga da yatsu ya zo a hadisi, inda Manzon Allah (SAW) ya umurci mata su ƙirga da gaɓoɓin yatsu domin za a tambaye su kuma za a sa su yi magana, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Don tasbihin bayan salla, 33 sau uku a cika ɗari da kalmar tauhidi, babu abin da ya kai yatsu. Yadda aka saba, kowane yatsa uku, hannu ɗaya 15, zagaye biyu 30, a ƙara uku. Ba batir, ba allo, kuma dole hankali ya zauna, in ya tafi lissafi ya ɓace. Haka ma na kwanciya barci da aka koya wa Nana Faɗima, 33, 33, 34. Ɗaura kaunta saboda waɗannan nauyi ne kawai.

Ga 'yan ɗariƙa kuwa, carbin icce ya yi wa kaunta nisa, kuma dalilin a fili yake. Lazimin Tijjaniyya istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Wazifa kuma istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Shi ya sa ake yin carbinsu da 'ya'ya ɗari, da alamomi a kan 12, da 30, da 50 ta kowane ɓangare. Yatsa na isa alamar zai ji ta, ba sai an buɗe ido ba. Mai kaunta kuwa dole ya riƙa leƙen allo, kowane leƙe kuma yana tsinke halartar zuciya, ga sharewa tsakanin kowane rukuni. Wajen sayen carbi, a ƙirga 'ya'yan da hannu a gaban mai kaya, domin ana samun mai 98 da mai 101. A ja zaren a ga ko ya bar sarari kamar faɗin yatsa biyu da 'ya'yan za su riƙa gudu. A shafa bakin hudar. In tana da kaifi za ta ci zare cikin 'yan watanni. Sai dai carbi ma yana da nasa tarkon. Mai manyan 'ya'ya da ake ratayawa a wuya ko a naɗe a hannu ana kaɗawa ya fi kaunta kiran ido.

Akwai kauntar ƙarfe mai lamba huɗu, wadda ke tsayawa a 9999, ba ta cin batir kuma tana jure wahala, amma ƙarar latsawarta tana damun na kusa a sahu, tana kuma sanar da kowa abin da kake yi. Akwai zoben zikiri da ake cajawa, mai haɗuwa da waya, wanda ke girgiza in an kai 33 ko 100. Girgizar nan ita ce fa'idarsa ta gaske, don tana raba mutum da kallon allo. Tsadarsa ta ninka ta roba sau da yawa, yana son caji a garin da wuta ke yi mana yadda ta ga dama, kuma manhajarsa tana ajiye tarihin adadi har da jadawali, abincin ujubu kenan an dafa an zuba. Manhajar tasbihi ta cikin waya kuwa ita ce ta ƙarshe a wannan layi: wayar da ke hannu saƙo zai shigo, kuma za a duba.

Inda kauntar roba ta fi duk sauran, ba a cika amfani da ita ta wannan hanyar ba. A juya aikinta: maimakon ƙirga kyawawa, a ƙirga tuntuɓe. Malaman tarbiyya sun daɗe da tsara yini kashi-kashi: da safe mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da dare ya yi masa hisabi, wato muhasaba. Inda aka fi faɗuwa shi ne hisabin dare, domin zuwa lokacin an manta, rai kuma gwanin lauya ne, zai ce yau ai lafiya lau. Kaunta tana toshe wannan ƙofar.

Ga yadda ake yi. A sayi ta biyu mai launi daban, a cire madaurin, a jefa ta aljihu inda ba mai gani. A zaɓi aibi ɗaya tak, kuma wanda ake iya kamawa da hannu. “Girman kai” ya yi faɗi da yawa, ba ya ƙirguwa. Amma hadisin da Muslim ya ruwaito ya fassara shi da abu biyu, ƙin gaskiya da raina mutane, kuma waɗannan suna da ƙafafu. Katse mutum yana magana. Kare kai bayan an gane an yi kuskure. Jiran na ƙasa ya fara sallama. Juya hira ta koma kan “ni”. Ɗaga wa yaron shago ko mai aikin gida murya a abin da ba za a ɗaga wa Alhaji ba. A ɗauki guda. Bayan sallar asuba a faɗa wa kai sharaɗin da kalmomi bayyanannu. Duk lokacin da aka kama kai, a latsa sau ɗaya, a yi istigfari ɗaya, a ci gaba da harka. Bayan isha'i a rubuta abu uku a ƙaramin littafin makaranta: adadin, da wa abin ya fi faruwa, da wane lokaci. Sannan a share. Mako biyu kan aibi guda kafin a taɓa wani.

Abin da ke karya wa mutane gwiwa shi ne a kwanakin farko lambar hawa take yi. Jiya huɗu, yau tara, sai mutum ya ce ya ƙara lalacewa. Ba haka ba ne, idonsa ne ya fara buɗewa. Da can ma yana yi, bai dai gani ba. Amfanin yana cikin layi na biyu da na uku na littafin. Bayan mako guda za a ga zane ya fito: mafi yawan latsawar tsakanin azahar da la'asar ne lokacin yunwa da gajiya, ko kuma duk a gida ne, kan uwargida da yara, a waje kuwa mutum tamkar waliyyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya kwana ciki da damina. Da an ga wurin, sai a kai magani can. In fushi ne, abin da ya zo a hadisi a bayyane yake: neman tsari daga Shaiɗan, mai tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa. In raina mutum ne, a riga shi sallama gobe, ko a koma a ce masa “kai ne da gaskiya” da baki, wanda ya fi sadakar dubu ɗaci a maƙogwaro.

Hanyar tana da ramuka uku. Na farko, a fara ƙirga na wasu, ido ya koma kan wanda ya katse ka maimakon wanda ka katse. Na biyu, ranar da lamba ta sauko sifili rai ya buga ƙirji ya ce ya gama. Sau da yawa sifilin nan mantuwa ce, don haka a tambayi wanda ake zaune da shi ko ya ga canji, a kuma daure da amsarsa. Na uku ya shafi masu waswasi. Wanda dama yake maimaita alwala da kabbara, ko yake fama da ƙuncin rai har ya hana shi barci, wannan ƙirgar za ta ƙara masa nauyi ne. Shi malami mai sanyin hali yake bukata, in abin ya yi tsanani kuma likita, ba na'ura a aljihu ba.

A taƙaice ga mai saye: don zikirin bayan salla kar ka kashe ko sisi. Mai wuridi ƙayyadadde ya nemi carbin icce mai alamomi da zare mai ƙwari. Mai sana'ar da ke yanke masa zikiri, direba ko ɗan kasuwa ko ma'aikaciyar jinya, kauntar roba ta yi masa, matuƙar maɓallin sharewarta a nutse yake kuma murfinta na sukuru ne. In za a sayi ta aljihu don muhasaba, a ɗauki baƙa marar fitila, a karɓi batir guda na ajiya tun a wurin, a naɗe shi a takarda a ajiye inda hannun yaro ba ya kai.